Daminar da Na Yi wa Ubanki Golmo

Murna, an riga an faɗa miki cewa ubanki ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki a wata kotu a Zuru ya rantse ba shi da ɗa. Gaskiya ne. Ina wurin, da kunnena na ji. Sai dai waɗanda suka ba ki labarin sun tsaya a nan ne domin nan ya yi musu daɗi, ni kuwa gwaggonki Hannatu zan ɗauka daga inda suka ajiye. Na san yanzu ba ki iya dogon karatu ba, kina kan haɗa baƙi da wasali, amma za ki girma, kuma ba na so ki girma da rabin magana a cikinki. Kowa a Dabai ya san ni da sanyin hali. Ni ce yarinyar da ake aika ɗebo ruwa ta tsaya kallon hadari yana haɗuwa a kan duwatsu har a biyo sawunta da bulala. Ban iya faɗa ba, in an ɗaga mini murya hawaye ne ke fara zuwa. To ki sani wannan wasiƙa da fushi nake rubuta ta, kuma ba zan ba kowa haƙuri a kan haka ba.

Sai kin san golmo kafin ki gane abin da aka yi mana, domin ina jin kafin ki kai shekaruna zai zama labari. A wurinmu saurayi gonar uban yarinya yake shiga, shi da abokan golmonsa, damina bakwai, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta wancan. Sai dawar damina ta bakwai ta shiga rumbu sannan yarinya ta zama matarsa. In an haihu kafin nan, ɗan na gidan kakansa na wajen uwa ne har ranar da aka cika aiki. Ubanki Ishaya, yayana, ya yi wa uwarki Saratu damina shida a gonar kakanki Baba Dudu a Manga, ba fashi, ba ƙorafi. Aka haife ki da rani, saura damina ɗaya. Fasto ya yi faɗa, mata suka yi gulmarsu suka gaji, sannan kowa ya ce ai abu ya zo ƙarshe, da kaka za a kawo uwa da 'ya Dabai. Mama har ta sa an yaɓe ɗakin da za ku zauna.

A wannan ranin ne sunan Ishaya ya fito cikin waɗanda aka ɗauka soja. Gidanmu gidan kaki ne. Kakanmu ya yi soja, babanmu ya yi har ya mutu a ciki ina ƙarama, wansa kuma, wanda duk unguwa ke kira Baba Saje, ya yi ya gama ya dawo ya riƙe gidan kamar bariki. A gidanmu ba a tashin yaro da baki, usur ake busawa. Ishaya ya sha zuwa tantancewa ana dawo da shi, Baba Saje yana kiransa farar hula kamar zagi. Ranar da sunan ya fito, tsohon nan ya taka fareti shi kaɗai a tsakar gida, kaji suna watsewa. Daga ranar ya ɗauki horon da kansa. Da sassafe zai ɗaura wa Ishaya buhun yashi a baya ya kora shi hanyar dutse, shi kuma yana biye a kan tsohon kekensa yana ihu.

"Ɗaga ƙafa, kurtu! Wanga gudu ne ko rakiyar amarya?"

"Baba, numfashina zai ɗauke."

"Shi ɗauke! A difo in ya ɗauke da bulala ake maido shi."

Ni a lokacin na gama kwalejin ilimi ina jiran a tura ni makaranta. Ni aka aika kasuwar Zuru na sayo bokiti da fararen singileti da gajeren wando da takalmin kambas, ni na zauna na ɗinka sunansa a jikin kowanne. Ina son abin, ba zan ɓoye miki ba. Nakan tsaya a bakin danga in hango shi a kan tudu, shi da buhunsa, rana tana fitowa ja a bayansa, in ji kamar zuciyata za ta fashe don alfahari.

Abu biyu suka rage kafin tafiya, kuma ba wanda gudu ko ƙarfin ƙirji zai yi masa. Na farko takardar rantsuwa daga kotu cewa ba shi da aure, domin ba a ɗaukar mai aure kurtu. Wannan ba ƙarya a ciki, golmo bai cika ba, ba a ɗaura komai a coci ba. Na biyu shi ne fartanya. Tafiyar ta faɗo daidai saukar ruwa, watau damina ta bakwai a difo, wurin horar da kurata, za ta same shi. Al'ada ba ta rufe ƙofa ga irin wannan ba. Mai golmo in tafiya ta kama shi, yakan ɗauki fartanyarsa ya je gaban surukinsa, ya durƙusa ya nemi izini, ya miƙa ta ga ɗan'uwansa ko abokin golmonsa a kan idon dattawa. Daga nan duk abin da wancan ya noma, na mai tafiya ne. Ishaya ba shi da ƙane namiji, daga shi sai ni, amma abokinsa Bitrus ya riga ya ce zai karɓa. Aikin wuni ɗaya ne, Murna. Wuni ɗaya da ɗan durƙuso.

Sai dai gidajen soja ma suna da tasu al'adar, kuma ita ce ta cinye mu. Mama ce ta tayar da maganar muna cin tuwo.

"Yaya, ya kamata yaron nan shi tahi Manga shi miƙa fartanya tun da sauran lokaci."

"Shi tahi shi yi shela?" in ji Baba Saje. "Mai shiga difo ba ya sallama, Ladi. Ni ban yi ba, mijinki bai yi ba. Sai ka shiga get an aske maka kai sannan duniya ta ji. Yaron nan na bayan coci da ya bi gida-gida yana sallama, mi ya same shi? Likita ya ce ƙirjinshi ba kyau. Yaron da ke ɗaukar buhu biyu! Bakin mutane ne."

"Baba Dudu ai ba mutane ba ne, surukinsa ne," in ji ni.

"Malama, an tambaye ki? Tashi ki je ki ƙirga taurarinki."

Mama ba ta saki maganar ba. Ta yi ta bin sa da ita safe da yamma har ya gaji ya ce to, tun da tafiya sai Laraba, ran Lahadi bayan sujada a je Manga a yi abin a ɓoye. Muka yarda da shi. Shi ne babba.

Kafin Lahadin muka je kotu mu uku, ni an tafi da ni ne saboda Turanci. A bakin kotun akwai shagunan masu buga takarda, kai ne za ka faɗi abin da za a rubuta, su buga, ka shiga ciki ka rantse a buga hatimi. Baba Saje ya ja kujera ya zauna kusa da mai bugun kamar shi ne zai tafi difon.

"Rubuta: ba mata."

"Na rubuta, Saje."

"Ƙara: ba ɗa, ba ɗiya."

Na ce, "Baba, ba su nemi wannan ba. Na karanta sharuɗɗan, maganar aure kawai na gani."

"Kin taɓa shiga difo?"

"A'a."

"To ni na shiga. Hafsa in ya ga ɗan rami sai ya tona shi. A toshe tun daga nan."

Ishaya ya ce, "Baba, Murna fa?"

"Murna ɗiyar Dudu ce har kaka. Ko ba haka al'ada ta ce ba? To ina ƙaryar?"

Ki duba wannan da kyau, domin nan ne tushen fushina. Mutumin da ya ƙi a bi al'ada a miƙa fartanya, shi ne ya sunkuya ya ɗauko al'adar nan a bakin kotu saboda ta yi masa amfani. Haka manyanmu suke da ita, kamar sandar kiwo, in suna so su dogara, in suna so su yi duka, in sun gaji su jingine.

Muka shiga ciki. Akawun bai ko ɗaga kai ba, ya tambayi addininsa ya turo masa Littafi. Ya karanta takardar da sauri kamar mai biya karatun da ya haddace, ya ce, "Haka ne?" Ubanki ya ƙura wa Littafin ido. Bai ɗauke ba har akawun ya ɗago ya dube shi, har na ji ƙarar fankar da ke juyawa a samanmu. Sai Baba Saje ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya, irin bugun da muka tashi da shi tun muna rarrafe. Ishaya ya ce, "Haka ne." Aka buga hatimi. Muna fita ya zagaya bayan katanga ya yi amai. Na riƙe masa riga. Da ya goge baki ya ce mini, "Hannatu, ran Lahadi da bakina zan faɗa wa Saratu, kada ta ji a wani wuri."

Ran Asabar ba a busa usur ba. Da wannan na gane. Na farka rana ta riga ta shigo ɗaki, gida shiru, na fita da gudu. Ɗakin Ishaya a buɗe, ba bokiti, ba jaka, fartanyarsa tana jingine a bango. Mama tana zaune a kan turmi tana kuka ba sauti. Da tsakar rana Baba Saje ya dawo daga tasha yana fito. Sai daga baya muka ji yadda aka yi: ya tashe shi ya ce an canza rana, mota tana jira, ya karɓe wayarsa ya ce ba a shiga da ita, ya sa shi a mota zuwa Birnin Kebbi wurin wani tsohon abokinsa na bariki, ya zauna can har Larabar. Ba a canza komai ba. Don kada ya taka Manga ne kawai.

"Yau na yi wa ƙanena aikin da ya bar mini," in ji shi, yana wanke ƙafa. "A ba ni ruwa."

Ban ba shi ba. Wannan ne karo na farko a rayuwata da babba ya aike ni na tsaya ina kallonsa.

Ran Lahadi na ɗauki fartanyar, ni da Bitrus muka hau babur zuwa Manga. Kakanki kin san shi, ba sai na kwatanta miki ba, amma lokacin bai ranƙwafa ba, dogo ne siriri mai fiƙaƙƙun haƙora irin na mutanen da. Yana gyaran ƙotar gatari muka durƙusa muka gaishe shi. Ya dubi fartanyar, ya dube mu.

"Ina mai ita?"

"Baba, ya tafi difo jiya. Ba da son ransa ba ne, Baba Saje ne ya..."

"Ya tahi." Ya ajiye gatarin. "Damina shida yana cin tuwona. Ya haihu cikin gidana. Ya tahi kamar ɓarawon akuya, ko ƙofata bai ƙwanƙwasa ba."

Bitrus ya ce, "Baba, ni zan karɓa, mun riga mun yi magana da shi."

"Daga hannun wa za ka karɓa? Hannun da zai miƙa maka yana cikin mota."

Bitrus ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba. Shi ma golmo yake yi a wani gida, in ya shiga gonar da ba a miƙa masa ba, nasa surukin zai ce ba ya da tarbiyya. Sauran abokan ma haka. Na hango Saratu a ƙofar ɗaki, kina goye a bayanta, ta toshe baki da gefen zane. Ban san lokacin da maganar ta fito mini ba.

"Baba, ni zan noma. Jininmu ɗaya da shi."

Ya yi dariya har haƙoran suka fito. "Gonar ga ta can. Ban sa mata ƙofa ba."

Na ɗauka izini ne. Duk karatun da na yi bai koya mini cewa dattijo yana iya barin ka ka yi abu ba tare da ya yarda da shi ba.

Na koma gidan wata ƙanwar Mama a Manga na zauna. Kafin nan iyakar nomana ɗan lambun kuɓewa ne a bayan ɗaki. Makon farko hannuwana suka yi bororo suka fashe, na naɗe su da tsumma na ci gaba. Na yi shuka, na yi noman farko, na yi maimai, na yi huɗa da garmar da ta kusa kai nauyina. Rabon Ishaya a gonar nan daga gindin ɗorawa ne har bakin kwazazzabo, kuma ban bar ko taki ɗaya ba. Masu wucewa sukan tsaya su sha kallo.

"Ango Hannatu, sannu da aiki!"

"Malama, wace yarinya kike nema? A ba ki babbar ko ƙaramar?"

"Ku bar ta, in ta gama a ɗaura mata da Dudun kansa!"

Ba na amsawa. Da yamma in na miƙe bayana yakan ƙi miƙewa, sai in tsaya a karkace ina jin iska tana bi ta cikin ganyen dawa da wata irin ƙara kamar taron mutane suna raɗa. Da can da na ji wannan sai in tsara masa baiti a zuciya. A daminar nan ba abin da ya zo mini sai sunayen waɗanda nake jin haushi. A tsakiyar damina aka tura ni koyarwa wata makaranta wajen Ribah, aikin da na yi shekaru ina mafarkinsa. Ban je ba, aka ba wani. Abin da ke riƙe ni shi ne uwarki. An hana ta zuwa wurina, amma takan bi ta gefen gonar da sunan neman itace, ta kwance ki ta miƙo mini. Kina kama yatsana mai tsumma kina kaiwa baki. Sai in ce a raina, saura kaɗan, yarinya, ɗakinki yana can an yaɓe.

Dawa ta yi kyau a shekarar, har mutane suna cewa ko Ishaya bai taɓa fitar da irinta ba. Na yanke ta, na ɗaure dammuna, na taya aka kai rumbu. Sannan dattawa suka zauna a gindin ɗorawar nan, na Manga da na Dabai. Baba Saje ya zo da lambobinsa na soja a ƙirji. Mata muna can baya a tsaye. Wani tsoho ya buɗe magana ya ce ga aiki ya cika, ga dawa a rumbu, sai a sa ranar kai Saratu da 'yarta. Baba Dudu ya bari ya gama tsaf.

"Aikin wa ya cika? Tun da anka haife ni ban taɓa jin mace ta yi golmo ba. Ku kun ji?"

Wani ya ce gaskiya ba a taɓa yi ba.

"Fartanya ba a miƙa ba. Izini ba a nema ba. Yarinya ta shiga gonata tana wasa da ƙasa, na ƙyale ta don ba ni son hayaniya. Wannan ke nan." Ya juya wajen Baba Saje. "Na biyu, Saje, wace ɗiya kuka zo ɗauka? Ɗanku ya tahi gaban gwamnati ya ɗora hannu ga Littafi ya ce ba shi da ɗa, ba shi da ɗiya. Ko ƙarya nika yi?"

Mai buga takardar ashe matarsa 'yar Manga ce. Maganar ta riga mu isa garin tun ruwan farko, kowa ya sani, ni kaɗai nake huɗa ban sani ba. Na dubi Baba Saje ina jiran ya tashi ya ce ni na sa shi, ni na ƙara layin, ni na sace shi da asuba. Murna, mutumin da muryarsa ke kaiwa ƙarshen unguwa in yana zagin yara, ranar nan gyaran lambobinsa kawai yake yi. Da ƙyar ya ce, "Sha'anin soja ne, farar hula ba za su gane ba."

Sai na ji ƙafafuna sun ratsa maza sun kai ni tsakiyar fili. Mace ba ta magana a irin wannan zama. Ni kuwa na yi.

"Baba Dudu, in aikina ba aiki ba ne, dawar fa? Tana rumbunka. Dawar mace ce, wasa da ƙasa ne. A buɗe rumbun a fitar da ita a zubar a kwazazzabo, kada ta ɓata muku tuwo!"

Wani ya ce, "Kai, karatu ya lalata yarinyar nan." Wasu suka yi dariya. Baba Dudu ko kallona bai yi ba.

"Dawa ba ta san wanda ya noma ta ba," in ji shi. "Ishaya in yana son ɗiya, shi zo da kanshi shi yi mini damina cikakkiya, daga shuka har girbi."

Da wannan aka tashi. Suka ci dawar tawa har ta ƙare.

Damina cikakkiya! Soja ba shi da damina. Daga difo kai tsaye aka tura su daji wajen gabas. In ya sami hutu 'yan kwanaki ne, kuma ba shi ke zaɓar lokacin ba. Zuwansa na farko daga tasha Manga ya wuce da kakinsa, ya durƙusa a ƙofar gidan kakanki har rana ta karkata, aka ce masa ya dawo da fartanya. A wannan zuwan ne na tambaye shi ko an duba takardar a difo. Ya ce wani kofur ne ya karɓa ya duba inda aka ce ba aure ya jefa a kwali, ba wanda ya taɓa tambayarsa maganar ɗa. Na je na faɗa wa Baba Saje a gaban Mama.

"Da sun tambaya fa?" in ji shi. Ya ci gaba da sauraren rediyonsa.

Har ya mutu bai ce a yi haƙuri ba. Ni da ubanki mun je wurin wata lauya a Zuru ko kotu za ta iya ba mu ke. Ta saurare mu da kyau, sannan ta ce abu na farko da za a ɗaga a gaban alƙali shi ne rantsuwarsa, kuma in ya ce ƙarya ya yi, ya buɗe wa kansa wata shari'ar da za ta iya cin kakinsa har ta kai shi gidan yari. Muka fito. Uwarki ta jira shekaru, ta ƙi maza da yawa, har zaman gidan uba ya ishe ta, ta auri wani mutumin kirki a Wasagu. Aka ce ke ba za ki bi ta ba, ke 'yar gidan Dudu ce. Kada ki taɓa ganin laifinta. Ita ce aka fi cuta a cikinmu, kuma ita ce ba wanda ya taɓa tambaya me take so.

Bara aka sallami ubanki daga soja. Ƙafarsa ta hagu ta sami rauni a daji, ba ta lanƙwasuwa sosai. Ya dawo Dabai ba ya son hira, ba ya son ƙarar ƙofa. Da ruwan farko ya sauka bana, na fito da safe na same shi yana wasa fartanya a kan dutse. Na ce ina za ka, ya ce Manga. Na ce Yaya, Saratu tana da 'ya'ya a wani gida, golmon wa za ka yi? Ya ce ai ba a kan Saratu aka ce ya dawo ba.

Shi ne gurgun mutumin da kike gani a gonar kakanki daga gindin ɗorawa zuwa kwazazzabo, wanda aka ce kada ki kula shi. Shi kaɗai yake yi, abokan golmonsa duk sun zama masu gida. Masu wucewa sun sami sabon abin dariya, wai ga mai golmo ba amarya, wai harsashi ya taɓa masa kai. Yana jan ƙafar daga kunya zuwa kunya, ba ya ɗagowa.

Makon jiya na je kai masa maganin ƙafa, muna zaune a inuwa da tsakar rana, sai ga ki kin ɓullo ta hanyar gida da ƙwarya a ka, kina tafiya a hankali don kada ta zube. A al'adarmu, ranar da mai gona ya aiko wa mai golmo abinci daga gidansa, ranar ce ya karɓi aikin. Ni duk daminar da na yi ko ruwa ba a taɓa aiko mini ba. Kika durƙusa kika sauke ƙwaryar a gabansa, kunu ne mai zafi, kika faɗi saƙon yadda aka koya miki.

"Kaka ya ce a ba mai noma. Ya ce huɗar gefen kwazazzabo ta karkace, a gyara."

Ubanki ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu. Ya kasa sha. Ke kuwa kika tsaya kina kallon ƙafarsa, sannan kika juyo wurina.

"Gwaggo, zan jira ƙwaryar ne ko in tafi?"

Na ce ki jira. Na ce ki matsa kusa da shi ki zauna, zai daɗe bai gama ba.